Farfesa tana da shekara 25: aji ne ya gina Mary Robinson ko kotu?

Ummi_Aji3: Assalamu alaikum 'yan gida. Jiya malaminmu na dokar tsarin mulki ya kawo sunan Mary Robinson ta ƙasar Ireland, ya ce a 1969 ta zama farfesar shari'a a Trinity College da ke Dublin tana da shekara 25 kacal, a shekarar dai aka zaɓe ta majalisar dattawa, kuma duk da haka tana saka baƙar rigarta tana zuwa kotu. Ni da a shugabar ƙasa kawai na san ta. Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai shi ne a gida kullum ana ce min in na gama in nemi koyarwa a jami'a, wai ya fi wa mace kwanciyar hankali a kan yawon kotu, ni kuma wallahi zuciyata tana kotu. To don Allah manyanmu, matar nan wanne ne ya gina ta, aji ko kotu?

Baban_Khalifa: Wa alaikumus salam. Farfesa a 25? Anya kuwa Ummi kin ji malamin da kyau? A nan fa sai mutum ya yi digiri na uku ya rubuta takardu har furfura ta fito masa kafin a ce masa farfesa

Barista_Tanko: Baban Khalifa ta ji daidai, sai dai akwai bayani. Kujerar sunanta Reid, ta dokar manyan laifuka ce, kuma ba irin farfesan da muka sani ba ne wanda mutum ke hawa mataki mataki. Kujera ce ta wa'adi da ake ba matashin barista mai kaifin kai ya riƙe na wasu 'yan shekaru. Ita ta riƙe daga 1969 zuwa 1975. Wadda ta gaje ta a kai ita ce Mary McAleese tana da shekara 24, kuma ita ɗin ce ta sake gadarta a shugabancin ƙasa a 1997. Daga baya Ivana Bacik ma ta hau kujerar a 1996, ita ce ta zama shugabar jam'iyyar Labour a 2022. Don haka kujerar ba ƙaramar abu ba ce, amma kar a ɗauka irin ta Farfesa Wane ce da muke durƙusawa mu gaida.

Baban_Khalifa: To yanzu na gane. Na gode Barista

Sadiya_Zariya: Ikon Allah, kujera ɗaya shugabannin ƙasa biyu duk mata

Dan_Birni_Kano: Ni fa ba na son ana kawo mana 'ya'yan masu hali ana cewa mu yi koyi da su. Matar nan uwa likita uba likita a garin Ballina, ita kaɗai ce mace cikin 'ya'ya biyar, ta gama Trinity a 1967 aka tura ta Harvard a Amurka ta yo digiri na biyu a 1968, to me zai hana ta zama farfesa? Ummi da ke fama da yajin aiki da kuɗin handawut ai ba sa'arta ba ce. Ba aji ba ne ba kotu ba ne, gida ne ya gina ta

Hajiya_Maman_Ihsan: Ɗan Birni gaskiyarka rabi ce. Gata kam ta samu, amma 'ya'yan likitoci nawa ne a ƙasar a lokacin, ina suke? Kuma gidan da kake magana shi ne ya fara juya mata baya. A 1970 ta auri Nicholas Robinson, shi ɗan Furotesta ita 'yar Katolika, iyayenta ko wajen ɗaurin auren ba su je ba, sai daga baya aka shirya. Ita kanta Trinity ɗin a lokacin cocin Katolika ya hana mabiyansa shiga sai da izinin babban bishop, sai a 1970 aka ɗage haramcin. Wanda ya tashi a gidan da ake girmama coci irin haka ya fito yana ja da dokokin da coci ke karewa, ai ba gata ne kawai ya kai shi ba, akwai taurin rai.

Barista_Tanko: In dawo kan tambayar Ummi. Ni a ganina kotu ce, kuma ga hujjata. A majalisar dattawa ta yi shekara 20, daga 1969 zuwa 1989, amma ku duba abin da ya faru da ƙudurinta na 1971 kan halatta magungunan tazarar haihuwa, ko karatun farko ba a bari an yi masa ba, aka yi ta sukarta a coci-coci ana aiko mata wasiƙun zagi. Abin da ta kasa fitarwa ta ƙofar majalisa sai ta riƙa zagayawa ta ƙofar kotu. Misali shari'ar Máirín de Búrca, a da dokar 1927 ta sa kusan maza masu kadara ne kaɗai ke zama a juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shari'a su ce mai laifi ne ko a'a, mace sai in ita ta nema da kanta. Tana cikin lauyoyin da suka kai maganar har kotun ƙoli, a ƙarshen 1975 kotu ta ce tsarin ya saɓa wa kundin tsarin mulki, a 1976 aka yi sabuwar doka. Akwai kuma shari'ar Murphy a 1980, inda miji da mata masu aiki ke biyan haraji fiye da in ba su yi aure ba, nan ma aka ci gwamnati. A shekarar ce kuma ta zama babbar lauya, kwatankwacin SAN a wajenmu.

Abu_Nana88: Ai ita ce ma ta ci shari'ar nan ta McGee da ta halatta wa ma'aurata maganin tazara

Barista_Tanko: A'a Abu Nana, wannan ba tata ba ce. Shari'ar McGee ta 1973 wasu lauyoyi ne suka yi ta. Matar aure ce mai 'ya'ya huɗu da likita ya ce wani cikin zai iya kashe ta, ta yi odar magani daga waje kwastan suka kama. Mutane suna haɗa su ne don magana ɗaya ce Robinson ke yi a majalisa. Doka kuma ba ta fito ba sai 1979, shi ma sai da takardar likita.

Abu_Nana88: Allah ya ƙara sani, na karɓi gyara

Dr_Lawal_Lakcara: Barista ranka ya daɗe, ka yi bayani mai kyau amma ka ja ruwa zuwa gonarka. Wa ya kai ta majalisar dattawan? Jami'a ce. A lokacin a Ireland tsofaffin ɗaliban Trinity suna da kujeru uku a majalisar dattawa da su kaɗai ke zaɓa, ta nan ta shiga. Sau biyu ta fita neman kujerar majalisar wakilai inda talakawa ke jefa ƙuri'a, 1977 da 1981, duk ta faɗi. Kenan ba don jami'a ba da babu sanata Robinson. Sannan shari'o'in da kake lissafawa ba irin na ɓarawon akuya ba ne, shari'o'i ne na wanda ya zauna ya karanta kundin tsarin mulkinsu na 1937 da dokokin Turai har ya ga inda ɓaraka take. Ireland ta shiga tarayyar Turai a 1973, ita kuma ta koma koyar da dokar Turai a lokacin da yawancin lauyoyin ƙasar ba su waye da ita ba. Abin da take koyarwa da safe shi take ɗauka ta shiga da shi kotu. Ni shekarata 14 ina koyarwa, na san lauyan da ya daina karatu tun ranar da aka kira shi lauya, wato aka ba shi izinin fara aiki, ana ganewa daga yadda yake tsayuwa gaban alƙali.

Barista_Tanko: Dakta ban musa ba. Amma ilimin da ya tsaya a allo bai taɓa fitar da kowa daga ƙangi ba, sai an samu mai ɗaukarsa ya je ya tsaya.

Rabi_Mai_Ɗinki: Ku yi haƙuri ni ba lauya ba ce, ƙanwata ce ta sa ni a gidan nan. Ina ta karantawa ne ina tuna yayata. Shekara biyu muna zarya a kotu kan raba aurenta da mijin da ke dukanta, ranar farko da muka je wajen wani lauya ya faɗi kuɗinsa sai ta kalle ni na kalle ta muka tashi muka fito. Keken ɗinkina na biyu na sayar muka samu muka fara. Ranar zama mu fita tun bakwai da goyo a bayanta, mu zauna a benci har azahar, sai magatakarda ya leƙo ya ce an ɗaga sai wata mai zuwa, wani lokacin kuɗin adaidaita na komawa ma sai mun roƙa. Wallahi ba hukuncin ne ya fi ci mana rai ba, isa gaban alƙalin ne. Ita wannan matar ta taɓa yin wani abu wa irinmu ko duk na manya ne?

Hajiya_Maman_Ihsan: Allah sarki Rabi. Allah ya saka miki da alheri kan abin da kika yi wa 'yar'uwarki

Barista_Tanko: Malama Rabi, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa, kuma shari'ar da na fi ganin girmanta a kai ita ce irin ta yayarki sak. Wata mata ce a birnin Cork, Josie Airey, mai 'ya'ya huɗu, mijinta har kotu ta taɓa kama shi da laifin dukanta. A lokacin babu saki kwata-kwata a Ireland, kundin tsarin mulki ya hana, abin da kawai za ta iya nema shi ne babbar kotu ta raba musu zama, kuma ta yi ta yawo ofis-ofis ba lauyan da ya yarda ya karɓa don ba ta da kuɗin. Aka kai maganar kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai da ke Strasbourg, Robinson ce ta tsaya mata. Gwamnati ta ce ai ba wanda ya rufe mata ƙofa, ta je ta kare kanta da bakinta mana. A watan Oktoba na 1979 kotun ta ce a'a, haƙƙin da aka rubuta a takarda amma talaka ba shi da hanyar kaiwa gare shi ba haƙƙi ba ne, kuma ba za a ce mace irinta ta tsaya ita kaɗai a babbar kotu gaban mijinta da ƙa'idojin da ba ta sani ba a ce an yi adalci. Ba a daɗe ba gwamnati ta kafa tsarin ba marasa hali lauya a shari'o'in da ba na laifi ba. Har yau ana kafa hujja da shari'ar nan a ƙasashen Turai.

Rabi_Mai_Ɗinki: Kai. Wallahi sai da na yi hawaye. Ashe har can ma haka mata suka sha

Sadiya_Zariya: Anti Rabi a nan ma akwai hukumar ba da tallafin lauya ta tarayya tun 1976, da kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, suna karɓar irin wannan. Matsalar mutane da yawa ba su san da su ba, kuma ma'aikatan sun yi kaɗan. In wani naki ya sake shiga irin halin ku fara ta can.

Nura_Dublin: Ina zaune a Dublin shekara shida yanzu, bari in ƙara abin da ido ya gani. Su a nan barista daban solisita daban, ba kamar gida ba da ranar da aka kira ka ka zama duka biyun. Mai ƙara wajen solisita yake zuwa, shi ne zai ɗauko barista ya yi magana a kotu. Barista a King's Inns ake horar da shi, nan ita ma ta bi aka kira ta a 1967, kuma sabon barista sai ya yi shekara yana bin wani babba ba albashi, shi ya sa maganar Ɗan Birni ta gata ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. In ka bi bakin kogin Liffey za ka ga Four Courts, ginin manyan kotunansu, da ƙatuwar ƙubbarta, da safe suna ta shiga da jakunkuna masu taya cike da fayil. Abin da ya fi taɓa ni kuma fitilar nan ce. Da ta hau mulki a Disambar 1990 ta sa fitila a tagar fadar shugaban ƙasa da ke Phoenix Park saboda 'yan ƙasar da suka yi hijira, don su san ba a manta da su ba, har yau tana nan. Wani dare na hunturu na taso daga aiki na bi ta wajen na hango ta, ni da ba ɗan ƙasar ba sai da na tsaya na kira mahaifiyata a Gusau.

Ustaz_Abu_Hafsa: Jama'a a yi adalci a faɗi duka. Matar nan da kuke yabo ita ce lauyar David Norris, wanda ya kai Ireland ƙara Strasbourg kan dokar da ta haramta luwaɗi, suka ci a 1988, kuma ita ce ta sa hannu a dokar da ta soke haramcin a 1993 tana shugabar ƙasa. Ni ba zan ce wa 'yata ta ɗauke ta abin koyi ba, kuma ya kamata Ummi ta san wannan.

Abu_Nana88: Ustaz ai aikin lauya ne, duk wanda ya zo sai ka tsaya masa ko ba ka yarda da shi ba

Dr_Lawal_Lakcara: A'a Abu Nana kar mu yi mata kwaskwarima, ba don dole ta karɓa ba, ta yarda da abin da take karewa kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ustaz ya yi daidai da ya kawo. Ni dai abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne ka karanta mutum gaba ɗayansa, ka san inda kuka haɗu da inda kuka rabu. Ba sai na yarda da duk shari'ar da ta yi ba kafin in koyar da ta Airey, kuma ina koyar da ita duk shekara.

Ustaz_Abu_Hafsa: Dakta a kan ta Airey ba mu da saɓani, Musulunci ma ya riga su ba mace hanyar khul'i da kai ƙara gaban alƙali. Inda na tsaya na tsaya.

Dan_Birni_Kano: To shugabancin fa? Na ji an ce kujerar ado ce kawai

Nura_Dublin: Ikon gudanarwa yana hannun firaminista, suna ce masa Taoiseach, shugaban ƙasa wa'adin shekara 7 ne kuma aikinsa yawanci sa hannu ne da wakiltar ƙasa, sai dai yana iya tura doka kotun ƙoli a duba ta kafin ya sa hannu. Amma ta yi amfani da ɗan abin da ke hannunta. Zaɓen ma ba a zaci za ta ci ba, a can mai zaɓe yana jera 'yan takara ne zaɓin farko da na biyu, Brian Lenihan na jam'iyyar Fianna Fáil ne ya fi ta ƙuri'un zaɓin farko, sai da aka raba na Austin Currie da ya zo na uku ta wuce shi, ta zama mace ta farko. A jawabinta ta gode wa matan Ireland, ta ce maimakon jijjiga gadon jariri sun jijjiga tsarin ƙasar. A 1993 ta je fadar Buckingham ta gana da Sarauniyar Ingila, shugaban Ireland na farko da ya yi haka, a shekarar kuma ta je Belfast ta gaisa hannu da hannu da Gerry Adams, shugaban jam'iyyar Sinn Féin da ake dangantawa da mayaƙan IRA, lokacin da kowa ke gudunsa, aka yi mata ca.

Halima_Yamai: Mu a Afirka abin da za mu tuna ta da shi Somaliya ne. A 1992 lokacin yunwa ta je har Baidoa ta ga yara suna mutuwa, da ta fito gaban 'yan jarida a Nairobi kuka ya ƙwace mata. Su ma ƙasarsu yunwa ta taɓa cinye mutum wajen miliyan ɗaya a shekarun 1840, ina ga shi ya sa abin ya shige ta. Ruwanda ma ta je a 1994 bayan kisan kiyashi.

Baban_Khalifa: Amma ta bar kujerar kafin wa'adinta ya cika ko? Wannan ni ban ga kyansa ba, mutane sun ba ka amana

Halima_Yamai: Eh ta sauka a Satumbar 1997 saura 'yan watanni, don Kofi Annan ya ba ta shugabancin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta riƙe har 2002. Ita da bakinta daga baya ta ce kuskure ne. A can ɗin ma ba ta yi wa manya shiru ba, ta soki Rasha kan Checheniya, ta soki Amurka kan Guantanamo, ga taron Durban na 2001 kan wariyar launin fata da Amurka da Isra'ila suka fice.

Dan_Birni_Kano: Sai kuma ta je Dubai a 2018 aka ɗauke ta hoto tana cin abinci da gimbiya Latifa 'yar sarkin Dubai, ta fito ta ce yarinyar tana hannun danginta masu ƙaunarta, alhali a tsare take. Lauyar da ta yi shekara 50 tana aiki a ce an ruɗe ta haka? A 2021 ne ta fito ta ce yaudararta aka yi. A rubuta wannan ma.

Hajiya_Maman_Ihsan: A rubuta, babban kuskure ne kuma ta amsa shi. Amma Ummi, tun ɗazu ina son in ce miki ba sai kin je Dublin neman madubi ba. Mai shari'a Aloma Mukhtar ita ma a 1944 aka haife ta, shekara ɗaya da Robinson, aka kira ta lauya a Najeriya a 1967, shekarar da aka kira waccan a Dublin, ita ce mace ta farko lauya daga Arewa, ta bi ta majistare har ta zama alƙaliyar alƙalan Najeriya a 2012. Ba aji ta bi ba, ba kuma cemba ba, wato ofishin lauyoyi, benci ta bi, wato alƙalanci. Ki kai wa su Baba wannan sunan, shi za su fi ganewa.

Ummi_Aji3: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, ban zaci zan samu haka ba. Gaskiya labarin Anti Rabi ya fi komai tsaya min. Amma har yanzu Barista ya ce kotu Dakta ya ce aji, ni kuma ina tsakiya. Tambaya ɗaya, a nan mutum zai iya haɗa biyun kamar yadda ta yi ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba?

Dr_Lawal_Lakcara: Ana haɗawa, amma ki fara da digiri na biyu tun kanki da zafi, kotu ba za ta gudu ba.

Barista_Tanko: Dakta kotu tana gudu. Wanda bai sha tsawar alƙali yana ɗan 25 ba, da wuya ya jure ta yana ɗan 40. Ummi in kin gama bautar ƙasa ki samu cemba mai yawan shari'a ki yi shekara uku kina ɗaukar fayil, daga nan ki yanke.

Rabi_Mai_Ɗinki: Ummi ko wanne kika zaɓa don Allah ki riƙa ware rana ɗaya a sati wa mata irin yayata. Malama Sadiya in ba damuwa ki min bayanin yadda ake zuwa wajen FIDA ɗin nan ta inbos, akwai wata maƙwabciyata da ke buƙata, zamansu na gaba ranar Talata ne.